Hular Haƙorin Iya Rabi

Mubina ta murje 'yan ƙwayoyin shinkafa a tafin hannunta, ta hure ɓuntun, ta ɗauki ɗaya ta sa tsakanin haƙoranta na gaba ta ciza. Ƙwayar ta rabe biyu. Ta tofar, ta taka zuwa can ƙarshen tamfol ɗin ta ɗauki wata, ita ma ta rabe biyu. To, sai kuma me? Ta jiya da yamma ma, lokacin da shinkafar ke da danshi har a hannu, biyu ta rabe. Ta tsaya riƙe da manjagara a bakin shanyar, ranar hantsi tana dukan ƙeyarta, tana ta juya ɓarin ƙwayar a kan harshe, bakin nata ya ƙi gaya mata komai.

Shinkafar ta Malam Datti ce, ɗan kasuwar da ke kawo musu shanshera, wato shinkafa mai ɓuntu, su turara masa su shanya, shi kuma ya kai bakin inji a Kura. Ya aiko tun da safe cewa akori-kura za ta zo kafin azahar. In aka ɗure ta a buhu da sauran danshi, za ta yi baƙi, injin kuma ya dame ta. In aka bar ta ta wuce ƙima a rana, ta karairaye ta koma tsaki. Tsakanin waɗannan biyun akwai wata 'yar gaɓa siririya, kuma duk ƙauyen an san haƙorin mutum ɗaya ne ba ya kuskure ta. Ga shi kuma gabas ta fara haɗa rai, hadarin farkon damina yana tasowa ta wajen Rano.

Mai haƙorin tana zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, tana tsintar wake. Iya Rabi ke nan, mahaifiyar Mubina. Tun tana amarya take wannan sana'a, tun kafin a cika bakin titin Kura da injuna. A bara ne haƙorinta na gaba na sama, wanda ya ciji shinkafar da ba ta ƙirguwa, ya gaji ya ɓalle rabi. Daga nan ta daina dariya a gaban mutane. A gidan biki gefen mayafinta ba ya barin bakinta, in za ta amsa gaisuwa sai ta sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Ɗanta Mustapha, wanda ke aikin gini a birni, shi ya kasa jurewa, ya kai ta wajen likitan haƙori a Kano. Aka kashe jijiyar, aka fere abin da ya saura, aka gwada, daga baya aka kira su aka ɗora masa farar hula wadda in ba an gaya maka ba, ba za ka raba ta da sauran ba.

Ranar ɗora hular Mubina ce ta raka ta. Likitan ya lura tsohuwar bango take kallo, sai ya juya ya yi wa 'yar bayani. Ya ce abin da ke ƙarƙashin hular ɗan dungu ne, bai fi tsinin fensir ba. Kada ta ɓare goro da shi, a yanka mata ƙanana ta tauna da turame. Ba rake, ba ƙashi, ba ƙanƙara, ba alewa mai danƙo, kada ta tsinke zare da baki. A goge da buroshi mai laushi safe da dare, a kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. Ya ba su wani siririn zaren sakace, ya nuna yadda za a zare shi ta gefe, kada a fizgo shi. In kuma tsautsayi ya sa hular ta fita, kada a yar, kada a liƙa ta da komai, a kawo ta da wuri. Da ya ji sana'arta, sai ya ajiye biron hannunsa ya ce cizon shinkafa kam an gama shi har abada.

A waya Mustapha ya roƙi Mubina ta nemi izinin mijinta ta baro Garun Mallam ta zo ta ɗan zauna, tunda ƙanwarsu Aziza, wadda ta tashi a gindin duron turara shinkafa ta san aikin ciki da bai, tana Kumbotso tana jego. Ya tambaye ta, a sama-sama, ai ta iya duba shanya ko? Ta ce ta iya. Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Ina 'yar Iya Rabi za ta buɗe baki ta ce wa ƙaninta ba ta san shinkafa ba?

Ita ce 'yar fari. Daga yaye aka kai ta gidan kakarta a Garun Mallam, can ta girma, can aka yi mata aure. Iya Rabi ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma taɓa duban idonta ta yi mata magana ba. In ta kama dole sai ta ce "yarinyar nan" ko "ta Garun Mallam". In tana son wani abu sai ta faɗa wa iska, ko ta faɗa wa kaji: a ƙara ruwa a duro, a janye itacen nan. Ba ƙi ba ne, Mubina ta sani, kara ce irin ta mutanen da. Ita ma da hakan ta saba, har ta iya yi wa uwar hidima ba tare da inuwarsu ta haɗu ba. Da asuba takan matsa man goge baki a buroshi ta ajiye kusa da buta. Goro ta yayyanka shi a ɗan faranti ta bari a bakin ƙofa. Raken da wani ya kawo tsaraba ta raba wa maƙwabta kafin a shigo da shi. Komai na likita ta riƙe shi dam. Abu ɗaya ne ya gagare ta, yau kuma ya zo.

Iska ta kaɗa gefen tamfol. Mubina ta dubi gabas, ta dubi darbejiya. Abin da za ta yi ba shi da wuya: ta je ta durƙusa ta ce ba ta iya ba. Ta gwada maganar a ranta, ta ji ta yi mata nauyi kamar buhun jiƙaƙƙiyar shanshera.

Sai ta ɗauki faifai. Ta debi shinkafar cikin hannu, ta murje ta sosai, ta hure ɓuntun tas har ƙwayoyin suka fito jajaye suna sheƙi. Ta bi ta gindin darbejiya kamar mai wucewa madafa, ta ajiye faifan a gefen tabarma, daidai inda hannu zai kai ba tare da an miƙe ba. Ta wuce ta tsugunna gaban murhu tana ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. A ranta tana cewa ajiyewa kawai ta yi. Ba ta miƙa wa kowa komai ba, ba ta ce wa kowa ya ciza ba.

Ƙarar wake a kwano ta tsaya. Kurciya ta yi kuka a kan katanga.

"A kwashe," in ji Iya Rabi. "Ta yi."

Muryar ta fito a toshe. Mubina ba ta waiwaya ba. Ta ɗauko buhuna ta hau tara shinkafar da manjagara, tana ɗurawa da kwano, hannunta yana sauri kamar ana korarta. Sai da ta cika buhu na farko sannan ta saci kallo ta ƙarƙashin hammatarta. Iya Rabi na nan zaune yadda take, sai dai gefen mayafin ya koma inda ya kwana biyu bai je ba. Hannun hagu na riƙe da shi a kan baki, na dama kuma yana ƙulla wani ɗan abu a haɓar zani.

Mubina ta ci gaba da ɗura.

Ana haka Ummul-Khairi ta yi sallama. Maƙwabciyarsu ce kuma abokiyar aikin Iya Rabi tun suna da ƙarfi. Ita ce mai wuta da jido, ba ruwanta da shanya. Bakinta ba haƙori ko ɗaya a gaba, kuma bai taɓa hana ta dariya ba. Takan ce nata bakin filin ƙwallo ne, kowa ya zo ya buga. Ta kama wa Mubina bakin buhu, suka ɗure sauran, suka ja su zuwa zaure ɗaya bayan ɗaya. Akori-kurar ta iso, Malam Datti ya tsaya daga waje ya ɗaga murya yana tambaya ko Iya ta taɓa. Ummul-Khairi ta ce masa Iya ta yi ritaya, yanzu magajiyarta ce ke cizo. Ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Allah ya yi wa yarinya albarka. Mubina ta ce amin a ciki-ciki, tana jin albarkar tana sauka a kanta kamar garwashi.

Da suka dawo tsakar gida Ummul-Khairi ta zube a tabarma tana fifita da faifan nan, ta dubi ƙawarta.

"Rabi, yau kuma amarci aka dawo? Buɗe mu ga haƙorin Makkan da ba a je Makka ba."

Iya Rabi ta kawar da kai ta ce iska ce ke ɗauke da ƙura. Ummul-Khairi ba mai barin zance ya kwana ba ce. Ta kai hannu ta janye mayafin. Dariyar da ta ɗauko ta maƙale. A gurbin farin haƙorin sai ɗan dungu launin toka, siriri, tsaye shi kaɗai kamar kututturen da gobara ta bari.

Ta yi salati a hankali. Iya Rabi ta kwance haɓar zani ta nuna mata hular, ta ce lafiyarta ƙalau, ko tsagewa ba ta yi ba, zamewa kawai ta yi kamar hular yaro. Ta ce abin da ba ta so shi ne Mustapha ya ji. Yaron nan ya yi ta zirga-zirga a kan bakinta, ya bar aikinsa, da wane ido za ta dube shi? Ummul-Khairi ta ce in don wannan ne ai an gama. Tana da sufa gulu a ɗaki, da shi ta liƙe takalminta tun kafin azumi, har yau ko motsi bai yi ba, haka ma mariƙin butar malam. Ɗigo ɗaya, a danna, a ƙirga salati goma, ko likitan da kansa ba zai gane ba. Ta miƙe tana gyara ɗaurin zani ta fita.

Mubina tana tsaye a bakin shanya ta biyu, wadda aka baza da sassafe, ta wata mata ce daga Bunkure. Tana jan manjagara tana mayarwa a wuri ɗaya. Maganar likitan tana yawo a kanta: kada a liƙa ta da komai. Ita kaɗai aka gaya wa. In ta yi shiru, za a liƙa, mayafi ya sauka, Mustapha ba zai ji ba, ba wanda zai tambayi yadda faifai ya je gindin darbejiya. Ta ji wani ɓangare na zuciyarta yana son hakan, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro.

Ummul-Khairi ta dawo tana huda bakin ɗan bututun da tsinke. Iya Rabi ta goge hular da mayafi, ta riƙe ta da yatsu biyu, ta ɗaga leɓe.

Mubina ba ta san lokacin da ta yar da manjagarar ba. Ta tsinci kanta durƙushe a bakin tabarma, hannunta a kan na Ummul-Khairi.

"Iya, likita ya hana." Ta ƙi sakin hannun. "Ya ce in aka liƙa da wani abu, dungun ne zai lalace, sai dai a cire. Ki tashi mu tafi Kano."

Ummul-Khairi ta saki baki tana kallonsu. Iya Rabi ta dubi kaji, ta ce a gaya wa yarinyar nan akwai shanyar mutane a ƙasa ga hadari a sama. Ummul-Khairi ta mayar da murfin bututun, ta ce shanya tana hannunta, in ruwa ya zo ta san yadda ake naɗe tamfol, ba yau aka haife ta ba. Mubina ta wanke wata 'yar robar magani ta kawo. Iya Rabi ba ta miƙa mata hular ba. Ta ajiye a kan tabarma, ita kuma ta ɗauka. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Cikinta rami ne, kamar kwanson gyaɗa.

A adaidaita sahu Iya Rabi ta ajiye jakarta a tsakaninsu. Suka bi gefen magudanar ruwa, ruwan yana tafiya a hankali, kore-kore. Dama da hagu ana ta yankan shinkafar rani, maza sun sunkuya da lauje, wasu suna bugu a kan duro, kowa yana ɗaga kai yana duban gabas. Kusa da Kura bakin titi duk ya zama shimfiɗar shanya, mata da 'yan mata suna ta ja da manjagara. Mubina ta ga wata yarinya da ba ta kai ta ba ta ɗauki ƙwaya ta jefa a baki, ta gyaɗa kai, ta yi wa na bayanta alama da hannu. Ta kawar da ido.

A tasha ta koma gefe ta kira Mustapha. Yana Zariya a kan wani gini, ana jin bugun guduma a bayansa. Da ya ji, sai ya tambaya me Iya ta ciza. Ta ce shinkafa.

"Yaya, ba ke kika ce kin iya ba?"

Ba faɗa a muryarsa, mamaki ne kawai, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta ce mota za ta tashi. Ya ce zai kira likitan ya jira su.

A bas wata mata mai goyo da kwandon albasa ta zauna a tsakaninsu. Ta yi ta jan Iya Rabi da hira, tana tambaya ko ciwon haƙori ne, tana ba da labarin maganin kanumfari da na wani mai magani a Kwanar Dawaki. Iya Rabi tana amsawa da kai. Mubina ta damƙe robar a cikin hijabi. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji hular ta yi ɗan ƙara a ciki, ƙas, ƙas, kamar tana ƙirga mata laifi.

Likitan matashi ne mai gilashi, mai magana a natse. Ya juya hular a ƙarƙashin fitila, ya tambaya ko an sa mata wani abu. Da aka ce a'a, ya ce sun taimaki kansu. A makon da ya wuce ma an kawo masa wani da ya liƙa tasa da gam, sai da aka fasa ta, haƙorin ma bai tsira ba. Ya kwantar da kujerar, ya leƙa, ya ɗauki hoto, ya daɗe yana kallonsa. Mubina tana tsaye a jikin bango. Daga inda take tana ganin tafin ƙafar uwarta a ƙarshen kujerar, duk faso, yatsun sun ƙanƙame juna.

Ya ce saiwar ba ta tsage ba, amma gefen dungun ya ɓalle. Zai cike wurin ya mayar da hular. Sai dai su ji da kyau: abin da ya rage yanzu bai kai na da ba. In ta sake fita a kan abu mai tauri, ba sauran abin da zai riƙe ta, sai cirewa.

"Mama, me kika ciza?"

"Shinkafa ce, ɗan nan."

Ya cire gilashin ya juyo wajen Mubina. Ya ce ai ita ya yi wa bayani, ita ya damƙa wa amana. Tana ina aka yi haka?

Mubina ta buɗe baki. Kafin ta sami kalmar farko, Iya Rabi ta yi magana daga kwance, idonta a kan silin.

"Tana madafa tana aikinta. Ni na faki idonta na je har bakin shanya na ɗebo. Hannu ne ya saba. Yarinyar nan ba abin da ba ta yi. Goro ma sai ta mayar da shi kamar tsakin kaji take ba ni."

Likitan ya girgiza kai yana murmushi, ya ce tsofaffi sun fi yara wuyar tsaro. Ya jawo tirensa ya fara aiki. Mubina ta fita baranda ta zauna a kan benci. Har bakin shanya. Iya Rabi ko tashi ba ta yi daga tabarmar ba, kuma ta san wanda ya murje ƙwayoyin nan ya hure su tas. Da uwar ta tona ta, da ta yi kuka ta huta. Yanzu an rufa mata asiri da mayafin da ya fi dutse nauyi, kuma ba ta da inda za ta sauke shi.

Da aka gama, likitan ya kira ta ya maimaita komai daga farko, kamar bai taɓa faɗa ba. Ya ƙara da cewa kada Iya Rabi ta ci komai sai an jima, yau kuma abu mai laushi kawai, kunu ko fate. Ya ba Iya Rabi madubi. Ta duba sau ɗaya, ta taɓa haƙorin da harshe, ta mayar masa, ta yi godiya. A bakin ƙofa ya ce lallai a samu wanda zai riƙa yin cizon nan. Iya Rabi ta ɗauki jakarta suka fita.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka sauka a ƙofar gida. Hadarin ya watse tun tuni, ko ɗigo bai sauka ba. Gabas ta washe kamar ba ita ba. Ummul-Khairi na zaune a bakin shanya ta biyu tana korar kaji da kara. Ta taso ta sa ƙawarta ta buɗe baki, ta duba ta hagu ta duba ta dama, ta ce wannan gam ɗin na likita bai fi nata ba, tsada kawai ya fi shi. Iya Rabi ta yi 'yar dariya, ta kai hannu za ta ja mayafi, sai ta fasa. Ta yi alwala ta rama sallolinta, ta koma gindin darbejiya.

Ummul-Khairi ta ce to, rana ta yi aiki yau ba wasa. Matar Bunkure za ta aiko da sassafe. A ɗure a buhu ne, ko a tattara a sake bazawa gobe? Ta dubi Mubina tana jira.

Mubina ta je ta ɗebo, ta murje, ta hure. Ƙafarta ta ɗauke ta zuwa can ƙarshen tamfol kamar kullum, ta juya baya, ta sa ƙwaya a baki. Ta rabe biyu. Ta tsaya. Ta gefen ido ta ga Iya Rabi ta daina jan carbi, hannunta na dama ya sauka a kan tabarma, yatsun suna motsi kamar suna neman abin ɗauka.

Ta juyo.

"Ban iya ba," ta ce. "Ban taɓa iyawa ba. Duk iri ɗaya nake jin su."

Ummul-Khairi ta riƙe haɓa, ta fara cewa 'yar Rabi guda, sai ta dubi fuskar ƙawarta ta haɗiye sauran. Kaji suka samu sarari suka hau gefen shanyar, ba wanda ya kore su.

Iya Rabi ta dubi kajin, kuma da su ɗin ta yi magana.

"Shinkafa ai ba baki ne ke saninta ba, kunne ne. Haƙori fasawa kawai yake yi. Aziza tana cizawa ina faɗa mata, har ta iya." Ta ja carbi ɗaya. "Tun jiya nake kasa kunne. An je can ƙarshen duniya an juya baya ana cizo, kamar mai cin abin sata."

Mubina ta dubi tamfol ɗin. Tsakanin inda ta tsaya da safe da gindin darbejiya, faɗin tamfol ɗaya ne.

Ta taka a hankali, ƙwayoyin a damƙe a hannunta. Ta durƙusa a bakin tabarma, inda ta saba tsayawa. Iya Rabi ta ce wa kaji daga nan ko ganga aka buga ba za ta ji ba, kunnen ya tsufa. Mubina ta hau tabarmar da gwiwa. Ta matsa, ta ƙara matsawa, har ta ji ƙamshin maganin asibiti gauraye da hayaƙin itace a jikin mayafin. Iya Rabi ta zame ɗankwali daga kunnenta na dama, ta karkato da kai, idonta a rufe.

Mubina ta sa ƙwaya ta ciza.

"A sake."

Ta sake.

"Kin ji?" in ji Iya Rabi, ƙasa-ƙasa. "Ƙus ta ce, ba ta ce ƙas ba. Da saura. Gobe a baza ta zuwa hantsi."

Ummul-Khairi ta miƙe ta ɗauki manjagara tana mita a kan kaji da masu kaji. Mubina ba ta ji ƙus ba, ba ta ji ƙas ba; bugun ƙirjinta ya rufe komai. Kunnen yana nan a karkace kusa da bakinta, bai janye ba. Ta buɗe tafin hannunta ta zaɓi wata ƙwayar.